Anthony Joshua da kambun duniya na ajin masu nauyi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu bin damben zamani suka fi yi a kan Anthony Joshua, ɗan damben Birtaniya da ya riƙe kambun duniya sau biyu a ajin masu nauyi. A cikin amsoshin akwai bayanin yadda ake cin kambu, yadda ake ƙwace shi, da abin da ke faruwa a cikin igiya har a ga ƙato ya zube.

Wane ne Anthony Joshua, kuma mene ne haɗinsa da Najeriya?

Cikakken sunansa Anthony Oluwafemi Olaseni Joshua. An haife shi ranar 15 ga Oktoba, 1989 a garin Watford da ke arewa da Landan. Asalin gidansu Sagamu ne a Jihar Ogun, kuma yana yaro ya ɗan yi makarantar kwana ta Mayflower da ke Ikenne kafin ya koma Ingila. A kafaɗarsa ta dama akwai zanen taswirar Afirka da aka fito da Najeriya a ciki. A Janairun 2020 ya kai wa Shugaba Muhammadu Buhari kambunansa a Landan, har ya kwanta ya yi gaisuwa irin ta Yarbawa. Amma da tutar Birtaniya yake dambe tun yana ɗan koyo, kuma lasisin hukumar damben Birtaniya yake riƙe da shi.

Tsawonsa mita 1.98 ne, faɗin hannuwansa idan ya buɗe su santimita 208. Nauyinsa a manyan wasanni yakan kai tsakanin kilo 107 da 115.

Da gaske ne bai fara dambe ba sai da ya kai shekara 18?

Haka ne. A 2007 ya shiga kulob ɗin Finchley da ke arewacin Landan. Yawancin zakarun duniya tun suna shekara 8 zuwa 12 suke sa safar dambe, shi ya sa motsin ƙafa da kauce wa naushi suke zama musu jiki. Joshua ya zo ne da ƙarfi da gudu da saurin ɗaukar darasi, amma bai samu waɗancan shekarun na yarinta ba, kuma wannan giɓin yana fitowa duk lokacin da wasa ya rikice.

Duk da haka ya yi sauri. A 2011 ya ci azurfa a gasar duniya ta 'yan koyo a Baku, a shekarar da aka kama shi da wiwi aka dakatar da shi na ɗan lokaci daga tawagar ƙasa, kotu kuma ta yanke masa aikin al'umma. A gasar Olamfik ta Landan ta 2012 ya ci zinare a ajin da ya haura kilo 91. Wasansa na farko da Erislandy Savon na Kyuba da maki ɗaya tal ya tsira, 17-16, kuma har yau akwai masu cewa ɗan Kyuban aka zalunta. Ya wuce Zhang Zhilei na Sin da Ivan Dychko na Kazakistan, a wasan ƙarshe suka yi 18-18 da Roberto Cammarelle na Italiya, sai da aka sake ƙirga makin alƙalai aka ba shi.

Ya shiga damben kuɗi ranar 5 ga Oktoba, 2013 a ƙarƙashin kamfanin Matchroom na Eddie Hearn, ya gama da Emanuele Leo a turmin farko.

Me ya sa ake samun zakaran duniya fiye da ɗaya a lokaci guda?

Saboda dambe ba shi da uwa ɗaya irin FIFA a ƙwallon ƙafa. Hukumomi huɗu ne ake ji da su: WBA, wadda ta samo asali tun 1921, WBC ta 1963, IBF ta 1983 da WBO ta 1988. Kowace tana da kambunta, da jerin gwanayenta, da dokokinta, kuma kowace tana karɓar lada, galibi wajen kashi 3 cikin 100 na kuɗin ɗan dambe, duk lokacin da aka sa kambunta a wasa. Akwai kuma IBO, wadda Joshua ya riƙe kambunta, amma ba a sa ta cikin manya.

Wanda ya haɗa huɗun shi ne zakaran da ba a jayayya a kansa. Wahalar haɗa su ita ce kowace hukuma tana naɗa nata mai jiran gado, wanda dole zakara ya kara da shi, yawanci cikin wata tara zuwa shekara guda. Idan ka riƙe kambu uku, to mutum uku ke layi, kuma lokacin da za ka nemi na huɗu sai ya ƙure. Ka ƙi, a ƙwace kambun a ofis ba tare da ko naushi ɗaya ya taɓa ka ba.

Idan ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa a kan kuɗi, hukuma takan kira gwanjo. Kamfanoni su miƙa tayinsu a rufe, wanda ya fi tsoka shi ne zai shirya wasan. A Janairun 2022 mai shirya wasanni Frank Warren ya ci gwanjon wasan Tyson Fury da Dillian Whyte da dala miliyan 41, aka raba kashi 80 ga zakara, 20 ga mai neman kambu.

Joshua ya riƙe IBF da WBA da WBO. Kambun WBC, mai launin kore, bai taɓa shiga hannunsa ba.

Yaya ake gudanar da wasan kambu, kuma yaya ake lissafin maki?

Turmi 12 ne, kowane minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. A da 15 ake yi, sai mutuwar Kim Duk-koo bayan wasansa da Ray Mancini a 1982 ta sa hukumomi suka rage ɗaya bayan ɗaya. A tsarin IBF da WBO, ajin masu nauyi yana farawa ne daga sama da kilo 90.7, kuma ba shi da iyaka a sama, shi ya sa za ka ga tazarar kilo 20 tsakanin mutum biyu babu wanda ya ce uffan. Safar hannu mai nauyin oza 10 ake sawa, wato kimanin giram 283. Ana naɗe hannu da bandeji a gaban wakilin abokin karawa, jami'i ya sa hannu a kan naɗin don kada a ƙara wani abu daga baya.

Alƙalai uku ne ke zaune a gefe uku na dandali, kowa da takardarsa. Wanda ya ci turmi yana samun 10, ɗayan 9. Idan an kai mutum ƙasa sau ɗaya, 10-8, sau biyu 10-7. Alƙalin tsakiya yana iya cire maki saboda karo da ka, ko naushi ƙasa da cibiya, ko yawan rungumar abokin karawa. Don haka idan ka ji 118-110 ba tare da an faɗi ba, ma'anarsa turmi goma da biyu, wato wannan ya ci 10 wancan ya ci 2. Idan 116-112 ne, takwas da huɗu. Idan 115-113 ne, bakwai da biyar, turmi ɗaya kacal ya raba su da canjaras.

Kuskuren da 'yan kallo suka fi yi shi ne ɗaukar wasan a dunƙule. Mutum yana iya jigata abokin karawarsa ƙwarai a turmi biyu, a ci shi da ƙyar a sauran goman, kuma ya sha kaye da tazara mai yawa.

Wanda aka kai ƙasa yana da ƙirga goma ya tashi. Ko ya tashi a uku, alƙali zai ƙirga har takwas, ya duba idonsa, ya ce ya tako gaba. Idan bai gamsu ba sai ya tsayar da wasa. Mai horarwa ma yana iya jefa tawul ko ya hana yaronsa fitowa turmi na gaba.

Ta yaya ya ci kambun duniya a wasansa na 16 kacal?

Rabi ƙarfinsa ne, rabi kuma rikicin hukumomi. A Nuwamban 2015 Tyson Fury ya doke Wladimir Klitschko a Jamus ya kwashe kambunansa. Kwangilarsu ta tanadi wasan ramuwa, ita kuwa IBF ta ce sai dai ya kara da mai jiran gadonta, Vyacheslav Glazkov. Cikin kwana goma ta ƙwace kambunta. A Janairun 2016 Charles Martin na Amurka ya kara da Glazkov a kan kambun, gwiwar Glazkov ta goce a turmi na uku, Martin ya zama zakara.

Hearn ya ga ƙofa a buɗe, ya zuba wa Martin kuɗin da ba zai iya ƙi ba. Ranar 9 ga Afrilu, 2016 a zauren O2 na Landan Joshua ya kai shi ƙasa sau biyu da hannun dama a turmi na biyu. Kwana 85 Martin ya yi da kambun.

Wasan da ya fi nuna wane ne Joshua shi ne wanda ya gabaci wannan, da Dillian Whyte a Disamban 2015 a kan kambun Birtaniya. Whyte ya taɓa doke shi suna 'yan koyo a 2009. Joshua ya girgiza shi a turmin farko, ya afka masa don ya gama, sai Whyte ya sakar masa naushin hagu ta gefe a turmi na biyu har ƙafafunsa suka yi rawa. Ya farfaɗo ya gama da shi a na bakwai. A riƙe wannan tsarin, domin zai sake dawowa.

Me ya sa ake cewa wasansa da Klitschko shi ne mafi girma a rayuwarsa?

An yi shi ranar 29 ga Afrilu, 2017 a filin Wembley gaban mutum 90,000. Joshua yana da shekara 27, Klitschko 41, kuma ya yi wata 17 bai yi wasa ba, amma mutum ne da ya mulki ajin daga 2006 zuwa 2015. Ya san Joshua, domin ya taɓa ɗaukarsa abokin atisaye a sansaninsa.

A farkon turmi na biyar Joshua ya yi masa ruwan naushi ya kai shi ƙasa. Ya ɗaga hannu yana murna, ya koma ya zazzage duk abin da ke jikinsa. Kafin turmin ya ƙare numfashi ya gagare shi, hannuwa sun yi nauyi, tsohon ne ya koma yana korarsa. A turmi na shida Klitschko ya auna shi da hagu ya biyo da miƙaƙƙen dama, Joshua ya faɗi a karon farko tun da ya shiga damben kuɗi.

Nan Klitschko ya yi abin da ya yi nadamarsa. Maimakon ya matsa, sai ya koma wasan a-hankali yana jiran yaron ya ƙarasa gajiya. Joshua ya yi amfani da turmi na bakwai da na takwas ya huta a tsaye, yana rage jefa naushi, yana riƙewa idan an matso. A na 11 ya taso da dama daga ƙasa ta shige tsakanin hannuwan Klitschko ta ɗaga masa haɓa har wuyansa ya miƙe. Ya kai shi ƙasa sau biyu, ya ritsa shi a kusurwa, alƙali ya shiga tsakani. A lokacin alƙalai biyu suna ba Joshua, ɗaya yana ba Klitschko. Joshua ya ƙara kambun WBA da IBO a kan na IBF, Klitschko kuwa ya yi ritaya a Agustan shekarar.

Su wa ya doke bayan nan?

Carlos Takam, haifaffen Kamaru, a Cardiff a Oktoban 2017. Takam ya shigo ne a makare bayan Kubrat Pulev ya ji rauni, kansa ya fasa wa Joshua hanci a turmi na biyu, aka tsayar da wasan a na goma, tsayarwar da mutane da yawa suka ga an yi gaggawa. Sai Joseph Parker na New Zealand a Maris 2018, karon farko da Joshua ya cika turmi 12, ya ci da maki ya karɓi kambun WBO. Sai Alexander Povetkin na Rasha a Wembley a Satumban 2018, turmi na bakwai.

Me ya faru da Andy Ruiz? Wai an ce ba shi da lafiya a daren?

An yi ta jita-jita iri-iri, amma abin da aka gani a dandali ya isa bayani. Ranar 1 ga Yuni, 2019 ce, a Madison Square Garden na New York, wasansa na farko a Amurka. Jarrell Miller ya kamata ya kara da shi, gwaji ya nuna haramtattun ƙwayoyi har iri uku a jikinsa, aka kawo Ruiz saura kamar mako biyar. Mutane suka ga gajere mai tumbi suka yi dariya. Waɗanda suka san shi sun san yana da saurin hannu da ba kasafai ake samu a ajin ba, ya fara dambe tun yana ƙaramin yaro, kuma kaye ɗaya ne a tarihinsa, shi ma da ƙyar a hannun Parker.

A turmi na uku Joshua ya kai Ruiz ƙasa. Ruiz ya tashi idonsa garau, wato faɗuwar ba ta taɓa shi sosai ba. Joshua bai tsaya ya karanta wannan ba, ya shiga kusa don ya gama, ya tsaya a daidai tazarar da gajeren hannu ya fi dogo amfani. Ruiz ya sakar masa hagu ta gefe ta same shi a saman kunne. Naushin wannan wuri yana rikita abin da ke daidaita tsayuwar mutum a cikin kunne, ƙafafu su daina jin umarni ko da mutum yana cikin hayyacinsa. Joshua ya faɗi sau biyu a turmin, kuma bai dawo daidai ba har ƙarshe. A hutun turmi an ji shi yana tambayar mai horar da shi abin da ya same shi.

A na bakwai ya sake faɗuwa sau biyu. Ya tofar da robar baki, ya taka zuwa kusurwa ya ɗora hannuwa a kan igiya. Alƙali ya tambaye shi, bakinsa ya ce zai ci gaba, jikinsa bai nuna haka ba, aka tsayar. Ruiz ya zama mutum na farko mai asalin Meziko da ya ci kambun ajin.

Yaya aka yi ya ƙwato kambunan cikin wata shida?

Kwangilar farko tana da sharaɗin ramuwa, Joshua ya yi amfani da shi nan take. Aka kai wasan Diriyah a Saudiyya ranar 7 ga Disamba, 2019. Ya rage nauyi daga kusan kilo 112 zuwa 107.5, ya rage ɗaga ƙarfe ya ƙara aikin ƙafa. Ruiz kuwa ya hau sikeli da kusan kilo 129, ya ƙara wajen kilo bakwai, kuma da bakinsa ya ce shagali ya hana shi atisaye.

Dabarar mai sauƙin faɗa ce. Miƙa hagu, ƙara dama idan hanya ta buɗe, zagaya, kada a tsaya a gaban Ruiz, idan ya matso a rungume shi har alƙali ya raba. Ya tsaga wa Ruiz gefen ido a turmin farko, ya ci gaba da haka har ƙarshe. Alƙalai suka ba shi 118-110, 118-110 da 119-109. Masu son ganin jini sun ce wasan ba daɗi. A ganinmu shi ne daren da ya fi biyayya ga tsari a duk rayuwarsa. Bayan shekara guda ya kare kambunan a hannun Pulev a turmi na tara, gaban mutum 1,000 kawai saboda dokar korona.

Me ya sa ya kasa cin Oleksandr Usyk sau biyu, alhali ya fi shi girma?

Usyk ɗan Yukren bahago ne, ya haɗa kambuna huɗu a ajin da ke ƙasa da na masu nauyi, ya ci zinaren Olamfik a 2012, kuma ya yi wasannin koyo sama da 300. Shi ne mai jiran gadon WBO, don haka ko dai Joshua ya kara da shi ko ya ajiye kambun.

A wasan farko, 25 ga Satumba, 2021 a filin Tottenham, Joshua ya fi shi da wajen kilo tara amma bai yi amfani da su ba. Ya tsaya daga nesa yana gwada gwaninta da wanda ya fi shi gwaninta. Da bahago, rigimar a kan ƙafar gaba take: wanda ya sa tasa a waje da ta abokin karawa shi ne hannunsa mai ƙarfi ke samun miƙaƙƙiyar hanya. Usyk ya riƙa cin wannan rigimar, yana kaɗa kai da hannun gaba ba tsayawa, abin da ke sa mutum ya yi ta ɗaure jiki yana jiran naushin da bai zo ba, ya gaji a banza. Idon Joshua na dama ya kumbura, a turmi na 12 ƙararrawa ce ta cece shi a jikin igiya. Maki: 117-112, 116-112, 115-113.

A ramuwar Jidda, 20 ga Agusta, 2022, ya gyara. Ya riƙa sunkuyawa, yana dukan ciki. A turmi na tara ya jigata Usyk, ya bi shi daga igiya zuwa igiya. Sai abin nan ya sake faruwa: ya ƙona mansa duka a minti uku, Usyk ya fito a na goma ya yi masa ruwan naushi, ya kuma cinye na 11 da na 12. Alƙali ɗaya ya ba Joshua 115-113, biyu suka ba Usyk 115-113 da 116-112. Bayan sanarwa Joshua ya jefar da kambu biyu waje, ya fita, ya dawo ya karɓi makirufo ya yi ta magana ba kan gado. Daga baya ya amsa cewa ɓacin rai ne ya rinjaye shi.

Kayen ya rage muni da aka ga Usyk ya doke Fury sau biyu a 2024. Nasarar farko, ta watan Mayu a Riyad, ita ta sa ya zama zakaran da ba a jayayya a kansa na farko a ajin tun bayan Lennox Lewis a 1999.

Me ya hana shi karawa da Deontay Wilder da Tyson Fury lokacin da yake kan ganiyarsa?

Kuɗi, gidajen talabijin da kwangila. A 2018 Wilder na riƙe da WBC, ɓangarensa ya yi tayin dala miliyan 50, aka yi ta ja a kan inda za a yi wasan da wanda zai riƙe ragamar shiri, har WBA ta umarci Joshua ya kara da Povetkin. A Disamban 2023 an sa su a dare ɗaya a Riyad da nufin su haɗu bayan nan. Joshua ya ci Otto Wallin, Wilder ya sha kashi a hannun Parker, magana ta mutu.

Da Fury an kai ga sa rana, 14 ga Agusta, 2021 a Saudiyya, a kan kambuna huɗu. A watan Mayu mai sasanci a Amurka ya yanke cewa kwangila ta wajabta wa Fury karawa ta uku da Wilder. An sake gwadawa a ƙarshen 2022, Fury ya sa wa'adin sa hannu, wa'adin ya wuce, ya kara da Derek Chisora.

Me ya sa yake yawan sauya mai horarwa?

Rob McCracken, wanda ya horar da shi a Sheffield a zamanin Olamfik, shi ne babban mai horar da shi daga 2016 har zuwa kayen farko a hannun Usyk. Daga nan Robert Garcia ya yi wasa ɗaya, Derrick James ya yi biyu a 2023 (Jermaine Franklin da maki, Robert Helenius a turmi na bakwai), sai Ben Davison. Sansanin atisaye mako 10 zuwa 12 ne, bai isa a sauya wa mutum ɗabi'ar shekara goma ba. Abin da kan biyo baya shi ne ɗan dambe ya tsaya yana tunani a wurin da ya kamata hannu ya tafi da kansa, kuma an ga haka ƙarara a wasan Franklin.

Bayan ya sumar da Francis Ngannou, yaya Daniel Dubois ya yi masa haka?

Ngannou ɗan Kamaru, tsohon zakaran UFC (gasar faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa), ya ba duniya mamaki a Oktoban 2023 da ya kai Fury ƙasa. Amma wasansa na biyu ke nan a damben zamani. Ranar 8 ga Maris, 2024 Joshua ya kai shi ƙasa da dama a turmin farko lokacin da ya juya tsayuwar bahago, ya sake kai shi a na biyu, ta uku ta sumar da shi. Wannan nasara ta sa aka ɗauka tsohon Joshua ya dawo.

Dubois wani abu ne daban: shekara 27, nauyi kusan ɗaya da na Joshua, hagunsa kamar taɓarya. Ya samu kambun IBF ne bayan Usyk ya ajiye shi don ya yi ramuwa da Fury. Ranar 21 ga Satumba, 2024 a Wembley, saura daƙiƙoƙi turmin farko ya ƙare, Joshua ya ja da baya a miƙe, haɓa a sama, hannun hagu a ƙasa, Dubois ya sako dama ta sama ta kai shi ƙasa. Ya sake faɗuwa a na uku da na huɗu. A na biyar ya samu Dubois da dama mai kyau har ya ja baya. Joshua ya bi shi, ya buɗe jiki zai taso da naushi daga ƙasa tun daga nesa, Dubois ya riga shi da gajeriyar dama a haɓa. Bai tashi ba.

To haɓarsa ce ba ta ɗaukar naushi?

Wannan bayani ya yi arha. Mutumin da ya tashi daga damar Klitschko ya ci wasa, ya tashi sau huɗu a gaban Ruiz, ba za a ce ba ya ɗaukar duka ba. A ajin da mutum mai kilo 110 ke dukan kai da safar giram 283, kowa na iya faɗuwa. Fury ma ya sha faɗuwa.

Matsalar tana wuri biyu. Na ɗaya, jikinsa mai tarin tsoka ne, tsoka kuwa tana cin iska, don haka idan ya yi ruwan naushi na daƙiƙa 30 zuwa 40 yana buƙatar turmi guda ko biyu kafin ya dawo. Na biyu, mafi haɗarin lokacinsa shi ne daidai lokacin da ya ji wa abokin karawa ciwo. Whyte a turmi na biyu, Klitschko a na biyar, Ruiz a na uku, Usyk a na tara da na goma, Dubois a na biyar, duk labarin ɗaya ne. Yakan bar hagun da ke auna masa tazara, ya tsaya ƙafa a haɗe, kai a tsakiya ba ya motsi. Masu horarwa suna koyar da cewa wanda ya ji ciwo a gama da shi ta bayan hagu, a haɗa da dukan ciki, a bar wa alƙali aikin tsayarwa. A daren Povetkin da na Pulev ya yi haka, ya gama lafiya.

Daga ina kuɗin waɗannan wasanni ke fitowa, kuma me ya kai su Saudiyya?

Hanya huɗu ce: tikitin shiga, kuɗin kallo a talabijin na biya-ka-gani, tallace-tallace, da kuɗin da gari ko ƙasa ke biya don a kawo wasan wurinta. Joshua ya yi shekaru da gidan talabijin na Sky, ya koma na DAZN a 2022. Saudiyya, musamman ta hannun jami'inta Turki Alalshikh da shirin nishaɗi na Riyadh Season, tana biyan abin da tikitin Wembley ba zai iya tarawa ba, shi ya sa wasannin da suka gagara shekara da shekaru suka yiwu a can.

Adadin da ake ji a labarai ba shi ne ke shiga aljihu ba. Mai horarwa yakan ɗauki wajen kashi 10 cikin 100, hukumomin kambu su ɗauki nasu, a biya abokan atisaye da masauki da likitoci, sannan haraji, wanda a Birtaniya yake kai kashi 45 ga masu babban samu.

Ga mai kallo daga Najeriya ko Nijar, babban wasa a Landan yakan fara wajen ƙarfe 10 na dare agogon can. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon ɗaya ne da namu, sauran watanni muna gaba da awa ɗaya. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu.

Shi ne ɗan asalin Najeriya na farko da ya ci kambun ajin masu nauyi?

A'a. Samuel Peter ɗan Akwa Ibom ya ci kambun WBC a Maris 2008 da ya doke Oleg Maskaev a Cancun, da tutar Najeriya, kafin Vitali Klitschko ya karɓe shi a Oktoban shekarar. A ƙananan azuzuwa kuwa Hogan Bassey ya zama zakaran duniya tun 1957, Dick Tiger ya biyo baya a shekarun 1960.

Yaya lissafin wasanninsa yake?

Zuwa daren Dubois ya yi wasa 32 a damben kuɗi, ya ci 28, 25 daga ciki kafin ƙararrawar ƙarshe, an ci shi sau huɗu: Ruiz, Usyk sau biyu, da Dubois. A wasannin kambun duniya ya ci tara, ya faɗi huɗu. Bayan hutun fiye da shekara da aikin tiyata a gwiwar hannu, ya dawo a Disamban 2025 a Miami ya doke Jake Paul, tauraron YouTube da ya koma dambe, a turmi na shida. Babu kambu a wasan.